Taurarin Inna

Takardar ta yi laushi kamar tsohon hankici. Auta ya shimfiɗa ta a kan teburin ɗinkinsa, ya danne gefe da almakashi, gefe da gwangwanin allura, sannan ya jawo kwamfutar da Yayarsa ta ara masa.

Wasiƙu goma sha ɗaya ne. Baba ne ya buga wa Inna su da tafireta, shekarun da yake aikin akawu a wani gari mai nisa. Yau shekararsa uku da rasuwa, tawadar tana ta koɗewa, idon Inna kuma ya fara raguwa. Shi ya sa Auta ya yi mata alkawarin sake buga su da manyan baƙaƙe tun kafin su ɓace.

Yaya ce ta buɗe masa shafin a intanet kafin ta wuce ofis. Allon ya rabu gida biyu.

"Hagu ka rubuta, dama ka ga yadda zai fito," in ji ta. "Ko kai da ka gudu daga aji huɗu ba za ka ɓata ba."

"Ban gudu ba, Yaya. A hankali na fita."

Da yatsa ɗaya yake bugawa, kamar mai zura zare a allura. Bai bar komai ba, har da ɗabi'ar Baba ta sa ɗan tauraro gaba da bayan sunan Inna duk inda ya ambace shi. Inna ba ta yi boko ba. A wancan lokacin maƙwabciya ke karanta mata, in ta tafi sai Inna ta bi takardar da yatsa tana neman taurarin, ta san sau nawa mijinta ya kira ta.

Da hantsi ya gama ta farko, ya kira Inna. Ta zauna a kujerar masu jiran ɗinki, ta kusanto da fuskarta ɓangaren dama, inda rubutun ya fito tsaf. Ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ba ta Babanku ba ce."

"Ita ce, Inna. Harafi harafi na bi ta."

"To ina taurarina?"

Ya duba. Babu ko ɗaya. Sunan dai yana nan, ya ɗan karkace, tsirara. Ya kira Yaya a waya.

Dariya ta yi. "Haka yake aiki, sarkin tela. Tauraro umarni ne a wurin shafin nan. Ya karkata maka kalmar, shi kuma ya ɓuya. Ai ya fi kyau. Hagun nan cikin riga ne, inda zare ke fitowa. Wa ke sa riga a bai-bai?"

Ta shiga yi masa bayanin wata alama mai kama da karkatacciyar sanda da ake sawa kafin tauraro don ya tsaya a fili. Bai ji ƙarshen ba. Yatsan Inna ya riga ya tsallaka hagu, yana bin layi, leɓɓanta na motsi.

"Ga su nan," ta ce a hankali. "Wannan gefen za ka buga mini."

"Cikin rigar ne, Inna."

"Shi ke taɓa jiki ai."

Ya ajiye wayar. Inna ta kai ƙasa, ta sake komawa sama, ta ƙirgo.

"Shida. Ka ci mini ɗaya."

"Shida ne a takardar."

"Bakwai ne. Ina da cikinka lokacin, hankalinsa duk ya tashi."

Ta jawo tsohuwar takardar, ta ɗora yatsa daidai kan ninkin tsakiya. Auta ya ɗaga ta wajen hasken ƙofa. Ba komai a wurin sai farin tabo, inda shekara talatin na shafar yatsa suka cinye tawadar.

Bai yi musu ba. Ya nemo layin, ya danna tauraro, ya rubuta sunan Inna, wanda bakinsa bai taɓa furtawa ba, ya rufe da wani tauraron. A dama, sunan ya karkata kaɗan, kamar mai jingina da kafaɗar wani.

"Bakwai," in ji Inna. "Ɗauko ta biyun."