Ɗanya Ce, Malam

Shekara goma sha ɗaya muka yi muna faɗa ɗaya ni da maigidana, kuma a kan tafarnuwa ne. Sunansa Rabe, ko da yake ni Malam nake ce masa. Mutum ne mai tsinin baki a kan abinci. Loma ɗaya zai kai, ya tsame hannu daga akushi ya ce, "Ɗela, busasshiya kika sa." Ni kuma in ce in ɗanya yake so, ga murhu can, ba wanda ya riƙe masa ƙafa. Kullum haka. Maƙwabta har sun daina leƙowa.

Kuma da gaskiyarsa, ba ɗaya ba ne. Busasshiya ita ce wadda muke yankawa mu shanya a faifai, a daka ta da daudawa da barkono, a zuba tun ruwan miya bai tafasa ba. Ba ta da wahala. Ɗanya kuwa sai an zauna an ɓare, a dandaƙa da gishiri, a jefa daf da sauke tukunya, har mai wucewa ta ƙofar gida ya san an yi miya. Shi ke noma tafarnuwar a kwarin bayan garinmu, kusa da Guci, wata 'yar ƙarama mai jan ɓawo da ya gada wurin ubansa. Duk yankin ba mai irinta.

Wata rana gardi biyu, dogaran Nasara masu jar hula, suka zo da takarda, mai gari ya bi yana nuna gidaje. Aikin hanyar Nasara ne, aka ce, wata uku. Aka tafi da Malam, damina biyu ya yi.

Na riƙe masa irin tafarnuwar yadda na iya, kuma ban iya ba. Shekarar farko na cika ruwa, rabi ya ruɓe. Ta biyu, abin da ya rage fangali ɗaya kawai ya cika, ɗan fili kamar tabarmar salla. Shi ke nan duk tafarnuwar ubansa da ta saura a ƙasa.

Da sanyi ya dawo, da hantsi, ba sallama. Ina tankaɗe na ɗaga kai na ga mutum tsaye a bakin zaure yana jira a ce masa ya shigo. Gidansa fa. Na ce, "Sannu da zuwa, Malam." Ya ce, "Yauwa." Na yi zaton zan yi kuka, sai na ga na ci gaba da tankaɗe.

Ba shi da ciwon da ido ke gani. Yana salla, yana amsa gaisuwa. Abinci kuwa, komai aka ajiye sai ya juya wa mutane baya, ya cinye da sauri, ya suɗe akushi. Da gangan na yi masa miyar kuka da busasshiya kwana huɗu a jere. Na biyar na ninka ta har ta yi ɗaci. Ina zaune ina jiran faɗan nan nawa. Bai zo ba. Abin da nake so in sani ɗaya ne: mijina ne ya dawo, ko jikinsa kawai aka sako mini.

Sai na ɗauki fartanya na tafi kwari. Tafarnuwar ba ta nuna ba, saura wata biyu, kawunan ba su fi ɗan yatsa ba. Na tona ɗaya, na ga ba za ta ji a miya ba. Na tona na biyu. Ban san lokacin da na gama da fangalin ba.

A hanya na gamu da yayarsa Daso. Ta dubi ƙwaryata ta tsaya.

"Ɗela, iri ne wannan. Na Baba ne. Me za a dasa baɗi?"

Na ce, "Na sani, Yaya." Na wuce.

Na ɓare su ɗaya bayan ɗaya, na dandaƙa da gishiri, na jefa ina sauke tukunya. Ƙamshi ya cika gidan, ya tsallake danga. Na kai masa da kaina, na zauna a gabansa don kada ya juya.

Ya ci. Loma ta farko, ta biyu, ta uku, duk sauri ɗaya. Ya suɗe akushin.

Na ce, "Ɗanya ce, Malam. Taka ce, ta kwari."

Ya dube ni kamar mai neman amsar da ba za a doke shi a kanta ba. Ya ce, "To." Sannan ya miƙe, ya miƙo mini akushin da hannu biyu, kansa a ƙasa, ya ce, "Marsi," godiyar Nasara.

Na karɓa na je na wanke. Ban ji komai ba, wallahi. Kwana uku hannuna yana warin tafarnuwa.

Akwai sauran busasshiya a ɗan tulu, ta shekarar da aka tafi da shi. Da ita na ci gaba da miya. Ta kai mu har damina, kuma ko sau ɗaya bai tsame hannu daga akushi ba.