Kujerar Da Ta Jefa Ƙuri'a

Shekara ashirin da shida ina sakatariyar makarantar firamaren garinmu, kuma duk ranar zaɓe ni ke zama a teburin farko a ɗakin wasannin yara ina duba katin masu jefa ƙuri'a. A nan ake zaɓe tun ban san kaina ba: yara na aji suna karatu, manya na shiga suna fita. To ku ji abin da ya sa har yau in na ji an ce "mai girma ɗan majalisa" sai in yi tsaki.

A wani zaɓe can baya, wajen ƙarfe goma na safe, wata 'yar aji biyu mai suna Josie Alvarado ta zo ta tsaya gabana, ta tallafo wani abu da hannu biyu kamar ta tsinci ɗan tsako. Ta ce, "Malama Loretta, wani ya manta da wannan a banɗaki." Bindiga ce, ƙarama, baƙa, cike da harsashi, bakinta na kallon cikin yarinyar. Wani ƙato ne ya zo zaɓe, ciki ya murɗa shi, ya faɗa banɗakin da ke jikin ɗakin wasanni, ya ciro ta daga ƙugu ya ɗora a kan tankin ruwan masai, ya gama abin da zai yi ya kama gabansa. Da ya dawo nema har da dariyarsa. 'Yan sanda suka ce bai karya doka ba. Wai dokar jiharmu ta hana shiga makaranta da bindiga, amma ranar zaɓe wannan ɓangaren ba makaranta ba ne, rumfar zaɓe ce. Suka miƙa masa abarsa a gabana.

Tun daga ranar Josie ba ta sake shiga banɗakin makaranta ba. Sai ta riƙe fitsari tun safe har a tashi, wata rana ya ƙwace mata a aji. Na ajiye mata wandon canji a durowata. Ranar da na fara ba ta, tana kuka, na durƙusa na ce mata, "Kafin zaɓe mai zuwa za a hana. Ni na faɗa miki." Bakina ne ya ja mini, na sani.

Ɗan majalisarmu na jiha Wade Culpepper ne, mai sayar da taraktoci. Aji ɗaya muka yi, coci ɗaya muke zuwa, na san shi tun yana cin majina. Na kai masa maganar ya ce zai duba. Ya yi wata huɗu yana dubawa. Wadda ta ɗauki abin da gaske wata ce daga babban birni, daga ɗaya jam'iyyar, Yolanda Tisdale, tsohuwar nas ce da ta sha ɗinke yaran da harsashi ya huda. Ta tuƙo mota awa uku ta zo har ofishina, ta shiga banɗakin nan ta tsaya tana kallon tankin ruwa. Ta fito ta rubuta ƙuduri mai shafi ɗaya tak: ba bindiga a makaranta ranar zaɓe, kowaye kai. Ta ce abu biyu za a gyara a tashi ɗaya, yara su tsira, malaman zaɓe kuma su daina ajiye aiki don tsoron ƙattin da ke tsayuwa bakin ƙofa da ƙarfe a ƙugu.

Matar nan ta wahala, wannan ba zan ƙi faɗa ba. Shekara ɗaya da rabi tana bin ofis-ofis. Sau biyu ina zuwa gaban kwamiti in ba da labarin Josie, minti biyu ake ba ni, suna ta latse-latsen waya. Da ƙyar ƙudurin ya kai zauren majalisa a ranar ƙarshe kafin su tafi hutu. Yolanda ta kira ni ta ce, "Loretta, mutum ɗaya ya rage mana. Naki ne."

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci na ritsa Wade a wajen cin abinci, cinyar kaza a hannunsa. Na ce, "Wade, kalle ni. Jikarka Tessa aji ɗaya take a makarantar nan."

Ya ce, "Haba Loretta, kin san ni."

"Don na san ka nake tambaya. Kore za ka danna ko ja, i ko a'a?"

Ya goge baki ya ce, "Na rantse miki a ɗakin Allah, hannuna ba zai danna ja ba."

Ni kuwa, sakarya, har da ƙara masa salak a faranti.

Ranar ƙuri'ar na saka rigata ta zuwa coci, na hau benen 'yan kallo na majalisa na zauna a layin gaba. Kowane ɗan majalisa yana da maɓalli biyu a teburinsa, kore na i da ja na a'a, sai ƙaton allo a bango mai sunayensu. Wajen ƙarfe uku na rana aka kira ƙudurin. Yolanda ta miƙe ta yi magana, rabinsu na hira. Kakakin majalisa ya ce a buɗe ƙuri'a, ƙararrawa ta fara kaɗawa.

Sai na ga Wade ya miƙe, ya gyara bel, ya bi ta ƙofar baya salin-alin. Maƙwabcinsa, wani mai jan wuya, ya jawo wata doguwar sanda daga ƙarƙashin tebur, irin wadda malamai ke nuna allo da ita. Ko kai bai ɗaga ba. Ya danna nasa, ya miƙa sanda ya danna na Wade, ya juya ya danna na wata kujera a bayansa. Sunan Culpepper ya kama ja a allo, mutumin kuwa ba ya cikin ɗakin.

Ni aikina ƙirga kawuna ne kowace safiya. Na ƙirga na ƙasa, ba su wuce tamanin da biyar ba. Allo ya ce casa'in da tara: kore arba'in da tara, ja hamsin. Kakaki ya buga guduma ya ce ƙuduri ya faɗi.

Ban san sa'ad da na miƙe ba. Na ce, "Ƙarya ne! Ba ya nan! Kujera ce ta yi zaɓe! Kai mai sanda, uban wa ya aike ka?" Wasunsu suka ɗago suna dariya. Masu gadi biyu suka kama ni ta hammata suka fitar da ni, takalmina ɗaya ya tsaya a matakala.

Yolanda ta same ni a baranda, ta riƙo mini takalmin. Na ce, "Ranki ya daɗe, me kike jira? Koma ki ce a kira suna ɗaya-ɗaya! Ai kuna da wannan dokar, ke kika gaya mini. Duk wanda ba ya nan a soke tasa!"

Ta tsaya tana juya takalmin.

"Ki yi magana mana!"

Ta ce, "Loretta, in aka kira suna, za a soke musu shida. Mu za a soke mana takwas."

Na ce, "Ban ji ba."

"Haka ake yi a nan, kowa da kowa, tun kafin in zo. Wani na asibiti, wani ya tafi ɗaukar yara, wani na wajen taro, sai ya ce wa na kusa da shi ya danna masa. Biyu daga cikin takwas ɗin ni na danna da hannuna."

Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Na ce, "Ke? Ke da kike yawo gari-gari kina wa'azin a tsare ƙuri'a? Kin san Misis Odom? Shekararta tamanin da bakwai, ita ta koya mini karatu. Na mayar da ita gida daga teburin zaɓe saboda katinta ya daina aiki, tana kuka ina kuka, don ku kuka rubuta haka. Mijina yana kwance da ciwon shanyewar jiki, da na cika masa takardar ƙuri'a ba bisa ƙa'ida ba da yanzu ina gidan yari. Ku kuma kuna nan kuna zaɓe da sanda!"

Ta ce, "Da ban danna ba da ko kusa ba mu zo ba. Don Josie na yi."

"Kada ki sake ki sa sunan yarinyar nan a ciki."

Idonta ya kawo ruwa, ta ce za ta sake kawo ƙudurin a zama mai zuwa. Zama mai zuwa sai Janairu, zaɓe kuwa Nuwamba ne. Na karɓi takalmina.

A wajen ajiye motoci na ga Wade yana buɗe ƙofar motarsa. Ya ɗaga hannu biyu tun daga nesa. "Loretta, ban karya alkawari ba. Hannuna bai taɓa ja ba, fita na yi."

"Ina ka je?"

"Banɗaki."

Na ce, "Allah ya isa, Wade." Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba.

Nuwamba ta zo. Na roƙi hukumar makarantu a ba yara hutu ranar, suka ce kwanakin karatu a ƙirge suke. Na shirya teburina ƙarfe shida na safe, na kulle banɗakin nan na rataya makullin a wuyana. Kafin azahar na ƙirga bindiga goma sha ɗaya sun wuce ta gabana, ban da waɗanda riga ta rufe. Ba abin da zan iya cewa sai "sa hannu a nan."

Wade ya shigo bayan cin abincin rana, yana gaisawa da mutane, shi ma da tasa a ƙugu, don shekarar yana neman tazarce kuma yana so a gani. Ya ce, "Sannu da aiki, Loretta."

Na ce, "Katin shaida."

"Haba, shekara hamsin..."

"A nan ba a aiko sanda. Katin shaida."

Yana laluben aljihu sai 'yan aji huɗu suka fito a layi za su ɗakin karatu, hanyarsu kuwa ta bakin ƙofarmu ce. Josie na cikinsu, ta ƙara tsawo. Ta tsaya cak, layi ya wuce ya bar ta. Ta kalli ƙugun Wade, sannan ta kalle ni. Ba ta ce "kin ce za a hana" ba, da ma ta faɗa. Sai ta matso kusa da shi, cikin ladabi irin nata, ta ce, "Yallaɓai, don Allah in ka shiga banɗaki kada ka manta da ita."

Wade ya miƙo mini katinsa. Na karɓa na duba hoton, na duba fuskarsa, na nuna masa inda zai sa hannu. Sannan na ce wa ta kusa da ni ta riƙe mini tebur, na kama hannun Josie muka nufi ofis, don na ga gaban siket ɗinta ya jiƙe.