Baƙon da ya zo auna tsadar Gaya

Ni Yalwa, ni na dafa abincin da ya kashe mana ƙarin albashi, kuma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Maigidana Cha'ibu shekara tara yana riƙe da magaze, wato ɗakin ajiyar kaya, na wani kamfanin taki da iri a nan Gaya. Takwaransa na Yamai, aiki iri ɗaya, buhu iri ɗaya, amma albashinsa ya kusa ninka nasa. Wai mu rayuwarmu da sauƙi, kogi na bakin ƙofa, kamar kifi yana fitowa da kansa ya faɗa tukunya. Da ƴarmu Munira ta samu gurbi a lakwal ɗin koyon aikin jinya a Doso, Cha'ibu ya rubuta takarda yana neman a daidaita shi da na Yamai. In ba ƙarin nan, yarinya ba ta tafiya.

Sai manyan kamfanin suka turo wani Abduljalil, siriri mai tabarau, ya zo ya ga tsadar garin da idonsa.

Cha'ibu ya tarbo shi a tasha, ya ce ba zancen otal. Aka share masa ɗakin zaure. Na ce, "Malam, mutumin nan hwa tsada ya zo gani. A bar shi ya sayi ko da tumatir."

"Haba Yalwa! Baƙona ya sa hannu aljihu a garinmu? Mi mutane za su ce?"

Na ɗora tukunya, don ni ma haka aka rene ni. Ran farko zabi. Ran biyu giwan ruwa da shinkafa. Ran huɗu na kwance akuyata, na ba Siddo mahauci ya kai ta kasuwa, don kada tukunya ta kunyata mu. Ko kasuwa suka shiga, Cha'ibu sai ya ƙyafta wa mai kaya ido, a ce wa baƙo "ɗauka kawai", shi kuma ya zagayo daga baya ya biya. Ɗan kabu-kabu ma haka. Bawan Allah ya ci, ya sha, ya yi ta rubutu a ɗan karnensa, wani littafin aljihu, yana cewa bai taɓa ganin gari mai albarka irin wannan ba. Da zai tafi har da daurin busasshen kifi na tsaraba.

Bayan sati uku amsa ta zo. Cha'ibu ya shigo da rana tsaka, ya zauna bakin turmi, ya miƙa wa Munira takardar don ta fi mu faransanci. Ta karanta. An ƙi. Ga dalili kuma, da hannun baƙonmu: ya yi kwana shida a Gaya, ya ci nama kullum, bai kashe ko dala ba.

"Ko dala!" na ce. "Akuyata ce ya ci, Malam! Akuyata ce ya rubuta musu!"

Cha'ibu bai ɗago ba. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Abduljalil ne, yana gaisuwa, wai wata mai zuwa zai dawo tare da shef, wato shugabansu, don ya riga ya ba shi labarin kifina.

Na ji maigidana da bakinsa yana cewa, "Allah shi kawo ku lahiya."

Munira ta ninke takardar, ta shiga ɗaki, ta fara fitar da kayanta daga akwatin da ta shirya tun watan jiya.