Cajar Tirela

Auta ya fito daga ɗakin Baba a guje da shebur a hannu, batirin motar wasa yana kan shebur ɗin yana huci kamar kububuwa. Ya ture labule da kafaɗa, ya tsallake tabarmar da Umma ke zaune tana tsintar shinkafa, ya juye shi cikin bokitin yashin da ke gindin katanga. Bai gama ja da baya ba abin ya yi fuuu, farin hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, harshen wuta ya miƙe har kusan ƙugunsa.

"Innalillahi!" Umma ta rarumo buta.

"Matsa baya, Umma, kar ki shaƙi hayaƙin. Yashi zan zuba."

Ya riƙa ɗibar yashi daga tarin da magina suka bari yana binne wutar har ta mutu. Wani wari mai zaƙi-zaƙi ya cika gidan, kamar an ƙona alewa.

"Mahaifin naku fa?" in ji Umma.

"Lafiyarsa ƙalau. Katifa ce ta ji jiki."

Ya jingine shebur ya koma ɗakin. Baba yana zaune a bakin gado, hannunsa na hagu kwance a kan cinyarsa kamar ba nasa ba. A kan katifar akwai baƙin tabo mai faɗin tafin hannu. A ƙasa kuwa ga tsohuwar cajar tirela, akwatin ƙarfe mai allura a goshi, wadda ta shekara a ƙarƙashin gado babu mai taɓa ta. Wayoyinta biyu, ja da baƙa, kowace ta ciji ƙusa. Auta ya kalli ƙusoshin ya gane yadda aka yi: Baba ya cusa su cikin ramukan fulogin ƙaramin batirin, ya maƙala musu cajar da ake tada batirin babbar mota da ita. Da hannu ɗaya ya yi duk wannan. Auta bai san ko ya yi faɗa ba ko ya jinjina masa.

"Baba."

"Cajarka barci take yi," in ji Baba. Tun da ciwon ya same shi maganarsa take fita a hankali, kalma na jan kalma. "Wannan kuwa ko mataccen batir ta kama sai ya tashi."

"Na tirela ba. Wannan ɗan abin bai kai sabulun wanka ba, Baba. Loma-loma yake ci. Kai kuma ka ɗura masa tukunya guda."

Baba bai yi dariya ba. Ya kalli tabon katifar ya daɗe.

Shekara talatin ya yi yana jan tirela. A tasha ba a kiran sunansa, sai dai Sarkin Ribas, don yana iya cusa doguwar mota da baya a lungun da wani ba zai shigar da ita ta gaba ba. Bara ya faɗi a bakin famfo, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya tashi, ya koyi tafiya da sanda, amma ya rufe ƙofarsa. Abokan aikinsa sun yi ta zarya, kullum amsar Umma ɗaya ce: yana barci. Ma'aikaciyar asibiti ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa don yatsun su farfaɗo. Ranar da aka kawo shi ya cilla shi bayan katanga.

Auta gyaran waya yake yi a kasuwa. Ranar hutu kuma shi da abokansa sukan je bayan filin ƙwallo su yi tsere da ƙananan motoci masu rimot. Da Baba yana da lafiya, ba abin da ya fi ba shi haushi. "Ƙato da gemu, yana bin motar yara," haka yake cewa. Wata rana Auta ya bar motar da rimot ɗin a ƙofar ɗakin Baba, kamar mantuwa ya yi. Rimot ɗin irin mai kama da bindiga ne: hannun dama yana juya ɗan sitiyari, yatsan hagu yana jan totur. Da ya dawo ya tarar da motar a kife cikin kwata, Baba yana zagin yatsansa. Washegari ma haka. Bayan wasu watanni yatsan ya fara jin magana. Kuma Baba da bakinsa ya ce a kira masa Dogo, tsohon yaron motarsa, ya zo yau bayan la'asar, ya taho da Sifana bakanike. Jiya har aski ya sa aka yi masa.

"Kira Dogo," in ji Baba yanzu. "Ka ce jikin ya motsa. Kar su zo."

"Akwai wani batirin."

"Na ce kar su zo. Su zo su ga me? Tsohon da ya kusa ƙone gidansa a kan motar yara?"

Ya kwanta a gefen da bai ƙone ba, ya juya fuskarsa bango.

Auta ya fita. Bai kira Dogo ba. Ya shiga ɗakinsa ya buɗe gwangwanin ƙarfen da yake ajiya, ya ɗauko batirinsa na tsere, wanda ko abokansa ba ya ara wa. Rabin caji ne a cikinsa, don haka yake ajiye su: in aka bar su cike suna kumbura, in aka bar su fanko suna mutuwa. Ya juya shi a hannu, ya latsa gefe da gefe. A miƙe yake, babu kumburi, babu ɓarewa a waya. Ya jawo tukunyar ƙasar da yake caji a ciki, mai yashi a gindi, ya ajiye ta a inuwa a tsakiyar siminti, nesa da igiyar shanya. Ya jona babban fulogi, ya jona ƙaramin fari mai daidaita ɗakunan batirin, ya saita cajar a kan mafi sanyin gudu. Ta yi ƙara ɗaya ta fara aiki.

"Wani kuma za ka kunna mana?" Umma ta ja tabarmarta can bakin kicin. "Ni dai ba ruwana. Ko kallonsa ba zan yi ba."

"Haka nake so ki faɗa, Umma. Ƙara ɗaga murya."

Ta harare shi, sannan ta gane. "Na ce ba zan kalla ba!" ta faɗa da ƙarfi, tana fuskantar tagar Baba. "In ya tashi da gidan, ya tashi!"

Auta ya ajiye kujerar roba kusa da tukunyar, ya je bakin ƙofar Baba ya tsuguna.

"Baba, na sa nawa a caji. Zai ɗauki kamar awa guda. Matsalar ita ce na baro shago a buɗe, maƙwabcina ne ke duba min, kuma shi ma zai tashi. Batir kuwa ba a barinsa shi kaɗai yana caji. Umma ta ce ba ruwanta."

Auta ya ƙara matsawa kusa da ƙofar ya ci gaba.

"Lambobi biyu ne a fuskar cajar. Ɗaki biyu ne a cikin batirin, dole su hau tare, kar ɗaya ya tsere wa ɗaya. Jefi-jefi a taɓa shi da bayan hannu. In ya fi jikin mutum zafi, ko ya fara ciki, a zare daga bango. Shi ke nan aikin."

"Kashe ka tafi," in ji Baba, bai juyo ba.

"In na kashe ba zai cika ba."

Auta ya miƙe ya fita. A zaure ya tsaya, ya jingina da bango yana sauraro. Zuciyarsa na cewa ya koma ya zare abin, don shi kansa bai taɓa barin batir a wuta ya ba shi baya ba. Ya ji Umma na zuba shinkafa a kwano. Ya ji cajar na ɗan zuzu. Sai can ya ji ƙwas ɗin sanda a kan siminti, da jan ƙafa a bayansa. Ƙwas, shuu. Ƙwas, shuu. Kujerar roba ta yi ƙara. Auta ya saki numfashi ya fita da sauri.

Kasuwa ta riƙe shi fiye da yadda ya so. Wata mata ta tsare shi a kan wayarta da ta faɗa ruwa, ƙofar shagon kuma ta ƙi saukowa sai da ya taka ta. Da ya shawo kwanar layinsu ya hango tsohuwar motar Sifana a ƙofar gida. Sun riga shi.

Daga zaure ya jiyo muryar Sifana, irin muryar mutumin da ya saba magana a kan ƙarar inji.

"Yanzu don Allah, Ribas, shekara guda ba mu gan ka ba, mu zo mu tarar kana gadin tukunya? Me ake dafawa?"

"Zauna ka gani," in ji Baba.

"Maigida, ni fa na ɗauka magani ne," in ji Dogo. "Har na cire hula."

Sifana ya leƙa tukunyar. "Ɗan wannan abin ne ake jira tun ɗazu? Haba! Miƙo shi nan. Batirin motata sabo ne, in ja masa waya biyu, kafin ka ce wani abu ya cika."

Auta ya ɗaga ƙafa zai shiga, sai ya ji sandar Baba ta daki ƙasa.

"Kar ka taɓa."

"To, Sarki."

"Shekara nawa kana bakanike, Sifana? Komai a wurinka guduma. Wannan ba irin naku ba ne. Loma-loma yake ci." Kalmomin suna fita a hankali, amma babu wadda ta faɗi a hanya. "Ɗaki biyu ne a cikinsa. Duba nan. Ka ga lambar nan, ka ga wannan? Tare suke hawa. In ɗaya ya tsere, an samu matsala. Ka ɗura masa wutar babbar mota, ciki zai yi, ya yi huci, ya kama da wuta. Har katifa sai ya ci."

"Kai, Maigida! Ka taɓa gani?"

"Na taɓa gani," in ji Baba. "Wani sakarai ne ya yi."

Daga bakin kicin Umma ta yi tari mai kama da dariya. Auta ya tsaya a zaure har sai da fuskarsa ta daidaita, sannan ya yi sallama ya shiga. Ya durƙusa ya gaida baƙin. Dogo, wanda tsawonsa ya sa yake sunkuyawa a kowace ƙofa, yana zaune a ƙasa kusa da ƙafar Baba kamar yadda ya saba a da. Baba yana sanye da farar rigarsa. Yaushe ya canza, Auta bai sani ba.

"Ya ɗan yi ɗumi sau ɗaya," Baba ya gaya masa, kamar direba na miƙa mota ga abokin canji. "Rana ce ta zagayo. Na ja tukunyar inuwa."

Cajar ta yi ƙara uku. Baba ya zare ta daga bango, ya sa bayan hannu ya taɓa batirin, ya gyaɗa kai. Auta ya ɗaure shi a cikin motar ya ajiye ta a ƙasa. Baba ya ɗauki hannunsa na hagu da na dama, ya ɗora shi a kan rimot, ya lanƙwasa yatsan a kan totur. Sifana ya kawar da kai. Dogo bai kawar ba.

Motar ta zabura ta daki bokitin yashi.

"A hankali, Maigida, akwai kaya a baya!" in ji Dogo.

"Rufe min baki. Cire takalmanka ka ajiye can. Kusa da juna. Ƙara matsowa."

Dogo ya jera silifas ɗinsa a gindin katanga, tsakaninsu bai fi faɗin motar da yatsa biyu ba. Baba ya zagaya da ita tsakar gida sau ɗaya, ta bi ta ƙarƙashin kujera, ta kauce wa butar Umma. Sannan ya tsayar da ita, ya juya mata baya zuwa katanga. Gumi ya tsatsafo a goshinsa. Yatsan yana rawa, Auta yana ganinsa. Dogo ya miƙe tsaye bai sani ba, ya koma bayan motar yana kaɗa hannu.

"Taho, taho. Karya hagu. Miƙe. Taho, taho, taho. Ya isa!"

Ta shige tsakanin takalman, ko ɗaya bai motsa ba.

Sifana ya cire hularsa ya buga a gwiwa. "Ribas! Wallahi kai ne! Ɗan banzan tsoho, ashe kana nan!"

Dogo ya juya yana gyara takalmin da bai karkace ba, ya daɗe a sunkuye. Auta ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya sa shi a kan tukunya.

Suka karɓa suna gwadawa. Sifana ya kifar da ita sau biyu, ya ce sitiyarin ne ba shi da kyau. Umma ta kawo shayi. Da motar ta fara rage gudu, Dogo ya ce a bar shi ya ƙarasa da ita.

"A'a," in ji Baba, ya miƙa hannu aka ba shi rimot. "Ba a shanye shi tas. Ana bar masa na komawa gida. Auta, cire shi ya huce kafin ka mayar gwangwani."

"To, Baba."

Da suka tashi tafiya, Baba ya ce Auta ya shiga ɗaki ya fito da cajar tirelar. Auta ya ɗauko ta da hannu biyu, ya cire ƙusoshin a ɓoye ya zuba a aljihu. Sifana ya dube ta, ya dubi Baba.

"Wannan ai ta motarka ce, Ribas. Ko taɓa ta ba ka bari a yi."

"Kai ta gareji. Can take da aiki."

"In ka warware fa?"

Baba ya shafa rimot ɗin da ke kan cinyarsa da yatsan hagu.

"Ɗauki ka tafi, surutunka ya yi yawa," ya ce. "Ranar hutu ku zo da wuri. Bayan filin ƙwallo za mu, yaran nan sun ce sun iya tuƙi."