Muryar Baba a Keji

Baba ya daɗe a ƙasa, amma kullum da hantsi sai an ji tarinsa a falo. Akunsa ne. Tsuntsun ya kwashe muryar mamacin tsaf: tarin, dariyar, har da yadda yake kiran matarsa, "Ke, zo ki ji." Umma kuwa sai ta amsa daga kicin kamar da gaske. Abin da ya rage mata na mijinta ke nan.

Da za a kwantar da ita asibiti don aikin ido, ana tsakiyar zafi, ko ta kan idon ba ta bi ba. Sai ta zaunar da ɗanta Auta tana ja masa kunne: kejin ya zauna kusa da fanka, a riƙa sauya ruwa, a yayyafa wa tsuntsun a jiki in ya fara haki. Auta ya ce to, idonsa na kan waya.

Sai dai ba daɗaɗan maganganu kaɗai akun ya riƙe ba. Da ya hango Auta sai ya karkace kai, ya ce da muryar Baba, "Kai dai ba ka da amfani." Baba na raye Auta ya sha ta, ya mutu ma ba a huta ba. Washegarin kwantar da Umma, Auta na waya da wanda yake fatan ya ɗauke shi aiki, tsuntsun ya yi ta maimaita ta. Ransa ya ɓaci. Ya cicciɓi kejin ya dire a baranda, ya lulluɓa masa bargo, don duhu ne ke rufe bakin aku. Wai in ya gama wayar zai shigo da shi. Ya gama, ya yi wanka, ya fice abinsa. Rana ta juyo barandar, irin wadda ke narkar da kwalta.

Da la'asar ya ɗaga bargon. Ruwan ya ƙafe, akun na kwance, ƙafafu a dunƙule.

Ya zaga kasuwa ya sayo wani, launi ɗaya, jan wutsiya ɗaya, yana lallashin kansa cewa mai ɗanyen aikin ido ba za ta bambance ba.

Umma ta dawo da bandeji, ta zauna gaban kejin tana jira. Tsuntsun ya yi fito. Ta ƙara jira har shayinta ya huce.

"Auta," ta ce, ba ta ko juyo ba, "me ya faɗa maka na ƙarshe?"