Filafili Sama

Tun tana 'yar shekara tara iyayen Marnie Ostrow ke turo ta sansanin hutu na Orrowic, a bakin wani tafki can cikin dajin Maine a Amurka, kuma tun lokacin take kallon 'yan matan sansanin Nessamoc na tsallaken ruwa suna cin tseren kwalekwale suna tafiya da kyautarsa, Jan Filafili, duk ƙarshen hutu. Wani tsohon filafilin tuƙa kwalekwale ne fa kawai, fentin jikinsa ma ya gama ɓarewa, amma je ka faɗa wa yaran nan haka ka ga yadda za su cinye ka ɗanye. Bana ce shekarar Marnie ta ƙarshe, baɗi ta girme wa sansani, kuma bana ita aka ɗora a kujerar baya. Ta baya ita ke juya kwalekwale, ita ke ba da umarni. In an ci tata ce, in an sha kashi ma tata ce. Yarinyar nan tana son filafilin nan har abin ya fi ƙarfin wasa.

Ranar tsere aka wayi gari hazo ya kwanta a kan ruwa, ko tsibirin tsakiya ba a gani. Dot, tsohuwar da ke kula da sha'anin ruwa a Orrowic, ta tsaya a kan gadar katakon da kwalekwale ke tashi daga ita, usur a wuya, ta ce rana na ɗagawa zai washe. Sannan ta maimaita dokar da kowace yarinya a sansanonin biyu ta hadda kafin ta iya iyo. In wani ya faɗa ruwa, naku ne ko nasu, a yi kira: filafili sama. Duk wanda ya ji ya ɗaga filafilinsa ya tsaya, a koma a tsamo shi. Ba a cin tsere a kan mutumin da ke cikin ruwa.

"Marnie, kun dai karya ko?" in ji Corinne Thibodeau, ta bayan kwalekwalen Nessamoc, tana gyara rigarta ta hana nutsewa. "Kar a zo ana ce mana yunwa ce bana."

"Ke dai je ki shafa filafilin nan ki yi masa sallama, agwagwa."

"Oho dai, kunkuru. In kun iso da yamma za mu rage muku fanke."

Suka yi wa juna gwalo. Mota ɗaya ke kawo su daga gari kowace shekara, kujera ɗaya suke zama, alewa ɗaya suke rabawa.

Usur ya tashi, ruwa ya dare. Haka suka tafi kafaɗa da kafaɗa har bayan tsibiri, inda jar gangar da ake zagayowa take. Nan Marnie ta yi abin da ta shafe hutun nan tana gwadawa: ta danna filafili ta yanki kwanar dab da ganga har gefensu ya goge ta. Da suka miƙe, Nessamoc na bayansu. Can kuma hazo ya haɗiye su, ba a ganin kowa. Maimakon ya washe sai ƙara kauri ya yi, har Marnie ba ta iya ganin yarinyar da ke can gaban kwalekwalenta.

Sai suka ji tsulum a bayansu.

"Filafili sama."

Muryar yarinya ce, siririya, kuma abin da ya tayar wa Marnie da tsigar jiki shi ne babu haki a cikinta, babu firgita. Wanda ya faɗa ruwan tafkin nan da safe ihu yake yi, haƙora na kaɗawa. Wannan kuwa a natse ta faɗa, kamar mai sallama a ƙofar ɗaki.

Shoshana, wadda ke zaune gaban Marnie, har ta ɗaga nata. "Marnie, kin ji?"

"Tsuntsun ruwa ne."

"Tsuntsu da magana? Haba Marnie!"

"To dabarar Corinne ce. Dalla tuƙa, malama!"

Ƙarya take, kuma ta sani. Corinne za ta zage ka tun daga safe har dare, amma ba za ta taɓa wasa da kiran nan ba. Kiran ya sake zuwa, wannan karon daga ƙasa-ƙasa, daidai fuskar ruwa, kusa da inda filafilin Marnie ke shiga. Ba ta waiwaya ba. Ta buɗe murya tana ba da amon tuƙi da ƙarfin tsiya, ja, ja, ja, don kar sauran su ji na uku. Ita dai ta ji shi, kuma da sunanta aka haɗa.

Suka fito daga hazo sai ga gada, sai ga 'yan Orrowic kaf suna tsalle kamar za su karya katakon. Kai, an yi ihu a ranar! Ƙananan yara har da kuka. Marnie ta tuɓe rigar hana nutsewa ta jefar, ana rungumarta ta ko'ina, ita kuwa idonta na kan tafki.

Shiru-shiru Nessamoc ba su fito ba. Ihun ya fara raguwa. Dot har ta sa ƙafa a jirgin inji za ta bi sawu, sai ga hancin kwalekwalensu ya ɓullo a hankali. Marnie ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Duk suna nan, kuma ko gashin mutum ɗaya bai jiƙe ba.

Corinne ta haye gadar kafin a ɗaure igiya. "Wa ya faɗa a cikinku? Tana ina? Mun zagaya wurin nan har mun gaji, ba mu ga kowa ba!"

"Babu wanda ya faɗa a cikinmu," in ji Shoshana. "Mu mun ɗauka ku ne."

"Kun ɗauka mu ne," Corinne ta maimaita, ta juyo ta dubi Marnie, "kuka wuce?"

Dot ta bi yaran sansanonin biyu da kiran suna, kowa ya amsa. Ta ce tsuntsu ne, hazo kan sa kunne ya yi ƙarya, amma tafkin take kallo tana faɗa, kuma hannunta na kan usur. Corinne ta miƙo wa Marnie hannu. "Kwanar nan da kika yanka ta yi kyau, kunkuru. Kun ci." Da ta mare ta ma da ya fi wa Marnie sauƙi.

To, al'ada ce waɗanda aka kayar su ɗauki ta bayan waɗanda suka ci, su kai ta ƙarshen gada su wurga ta ruwa, girmamawa ke nan. Shekara da shekaru Marnie na mafarkin ranar da za a yi mata haka. 'Yan Nessamoc suka cicciɓe ta suna waƙa, don su ma so suke a wanke zullumin nan a koma dariya.

"Corinne, don Allah ba yau ba. Corinne!"

"Ji matsoraciya! Kin ci tsere kina tsoron wanka?"

Suka lilla ta, suka saki.

Sanyin ya daki ƙirjinta. Ta nutse fiye da yadda ta zata, ta buɗe ido, ko'ina toka-toka, sama da ƙasa duk ɗaya. Ta yi iyo iya ƙarfinta sai yatsunta suka cusa cikin laka, ashe ƙasa ta nufa. Ciyawar ruwa ta naɗe mata ƙafa. Ta fizga, ta ƙara naɗewa, iskar bakinta ta tsere. Tsoro irin wanda ba ta taɓa sani ba ya kama ta, ga waƙarsu tana jiyowa can nesa, babu wanda ya san abin da ake ciki.

Sai wani ƙaramin hannu, wanda ya fi ruwan sanyi, ya kama idon sawunta ya warware ciyawar a hankali. Ya riƙo tsintsiyar hannunta ya ja ta sama, bai sake ta ba sai da ya ɗora yatsunta a kan tsanin gada. Kanta na fitowa, tana tari tana shaƙar iska, aka yi magana dab da kunnenta ta baya, a natse, ba fushi ko kaɗan.

"Ni na tsaya miki, Marnie."

Ta hau tsanin da rarrafe. 'Yan matan sansanonin biyu na tsaye a kan gada, a bushe, suna tafi. Corinne ta durƙusa ta ɗora mata Jan Filafili a hannu, hannuwan kuwa suka ƙi rufuwa a kansa, ya zame ya faɗi a kan katako.