Kilo Ɗari Takwas

Madubin kwabar ne ya fara fashewa, sannan ƙofarta ta ɓalle ta yi gefe guda. Sojoji biyun da suka tunkuɗo ta daga bayan kamiyon, babbar motar kayan, ko leƙowa ba su yi ba, suka juya suka kama katifa.

"Ku ajiye!" in ji Hanan. "Na ce ku ajiye min katifata!"

Ajidan Aristide, babban sojan da aka ɗora wa aikin kwashe iyalan sojoji, yana jingine da ƙofar motar yana cin gyaɗa. Ya hure ɓawon daga tafin hannunsa.

"Madam Hamadu, kilo ɗari huɗu gare ki. Kin cika, har kin wuce. Sauran ki san yadda za ki yi da su."

Ƙarfe tara bai yi ba, amma ranar Garwa ta riga ta fara gasa ƙeya. Rabin gidan Hanan na zube a bakin titin Pumpumre: keken ɗinki, gadon 'yarta Ikram, buhun shinkafa, kwalayen littattafanta tun na lise, wato sakandare. Da sassafe ta miƙa wa mai gida makulli, sabon ɗan haya kuma ga shi can da kayansa a kura yana jira. Abin da bai hau motar nan ba, a titi zai kwana.

Wannan ce ƙaura ta huɗu cikin shekara shida da auren Sarjan Hamadu. Ngawundere, Marwa, Garwa, yanzu kuma Kuseri, inda aka tura shi wata uku da suka wuce. Kowace ƙaura sai ta ci wani abu. Ta farko ta cinye kwanukan da mahaifiyarta ta tara mata, ta biyu ta cinye aikin koyarwar da ta samu da ƙyar. Mahaifinta, mai shagon atamfa a babbar kasuwa, ya ce zai ɗaukar mata hayar mota. Ta ƙi. Ba ita ta roƙi a tashe ta ba. Gwamnatin da ta tashe ta ita za ta ɗauke ta, har da tsintsiya.

Ta zaro takardar izinin ƙaurar daga jakarta, ta buɗe a gaban hancin Ajidan.

"Karanta, mon ajidan. Ko in karanta maka? Sarjan mai mata da 'ya ɗaya, huit cents kilos. Ɗari takwas. Jiya na ari sikelin mai albasa na auna komai da hannuna. Ɗari bakwai da arba'in ne."

"Kai, jama'a!" Ya waiwaya wajen yaransa yana dariya. "Ashe lauya Hamadu ya aura. Shi ya sa yake ramewa."

Wani hannu ya ja gefen mayafinta. Arlette ce, matar Kaparal Patrice, wani ƙaramin soja, wadda za su yi tafiyar tare. 'Yar duwatsun Mokolo ce, da cikin wata bakwai a gaba, Hausarta ta kasuwa.

"Maman Ikram, bari," ta ce ƙasa-ƙasa. "Haka suke. Ni ma rabi suka ba ni. Gadona na bar wa maƙwabciya, ga shi can a zaurenta. Bari mu tafi da rai kawai."

"Motar nan tan goma take ɗauka, Arlette. Mu biyu ne kawai. Me ya cika ta?"

Arlette ta sunkuyar da kai.

Daga can saman kaya, inda aka riga aka ɗora ta kan tamfol mai ruwan ƙasa, Ikram ta kira: "Mama, wari! Kaina yana ciwo."

Hanan ta cusa takardar a ƙirji, ta tattare zane, ta taka taya ta hau. Ta sunkuci yarinyar ta miƙa wa Arlette a ƙasa. Tun kafin ta taɓa tamfol ɗin warin ya bugi hancinta. Ta kama igiyar ta finciko.

Jarkoki ne, rawaya, jere reras tun daga bayan direba har tsakiyar motar, hawa biyu. Fetur ne na fasa-ƙwauri, wanda ake shigowa da shi ta kogi, ake sayarwa a kwalabe a bakin titi. Motar da ke ɗauke da iyalan soja ba mai tsayar da ita a shinge, ba mai ɗaga mata tamfol. Kusan kilomita ɗari biyar a cikin wannan zafi, mace mai ciki da yarinya 'yar shekara huɗu na zaune a kai.

"Sauko," in ji Ajidan. Dariyar ta bar muryarsa.

"Ku zo ku gani!" Hanan ta ɗaga murya har ƙarshen layi. "Mutanen unguwa, ku zo ku ga kujerar da aka shirya wa 'yata!"

Ba ta ga hawowarsa ba. Sai ji ta yi an damƙi mayafinta ta baya har ya shaƙe ta, aka juyo da ita. Marin ya sauka a kunnenta na hagu, duniya ta ɗauke ɗif, sai wani zuuu kamar an saki ƙudan zuma a cikin kanta. Ta faɗa kan jarkokin, haƙarƙarinta ya daki murfi.

"Matar sarjan!" Yana kwance bel ɗinsa. "Matar sarjan ce za ta yi min ihu a gaban yarana? Mijinki ma ƙamewa yake in na wuce."

Bel ɗin ya sauka a bayanta, ya sake sauka a cinya. Na uku da kan ƙarfen ya zo, ya tsaga mata gira. Jini ya rufe ido ɗaya. Tana jin kukan Ikram kamar daga ƙasan rijiya. Ba ta yi kuka ba. Tun tana 'yar makaranta ba ta iya kuka a gaban wanda ya dake ta ba, abin da ya sa malamai ke ƙara mata bulala ke nan.

Hannunta ya sami mariƙin jarka. Ta ja ta da dukan ƙarfinta, ta sa gwiwa ta tura zuwa bakin motar, ta sake ta.

Jarkar ta daki ƙasa, ta tsage tun daga wuya. Fetur ya yi tsalle ya malala cikin yashi, ya bi gangaren titi.

"Kun jefar min da kwaba," ta ce tana haki. "Ga taku."

Ta tura ta biyu.

"Wuta! Ku kashe wuta!" Wani ya ƙwalla daga ƙasa. Tsohuwar da ke tuyar ƙosai a gindin dalbejiya ta kifar da kaskon mai, ta juye bokitin ruwa a murhu, man ya fallatsa mata a ƙafa tana salati da Fulatanci. Kafin ƙiftawar ido masu babur na bakin layi sun iso da kwalabe da robobi, suna kwalfar fetur da yashinsa. Wani ya kama jarka ta biyu, wadda ba ta gama zubewa ba, ya ruga da ita. Sojojin biyu suka diro. Ɗaya ya kai wa mutumin gindin bindiga a ƙeya, ya kife, jini na bin wuyansa. Wani dutse ya taso daga cikin taron ya farfasa madubin gefen motar. Ɗayan sojan ya ɗaga bindiga sama, ya ɗora yatsa a kan kunama.

"Kar ka harba, ɗan nan! Don girman Allah kar ka harba!" Direban ne, Baba Sharif, dattijo ɗan Kuseri da aka yi hayar motarsa. Ya rungume bakin bindigar da hannu biyu ya danne ƙasa. "Ba ka jin wari? Harsashi ɗaya, duk unguwar nan ta tashi, har da kai da uwarka!"

Ajidan ya sake ɗaga bel, sai hannunsa ya tsaya a sama. A ƙofar kowane gida akwai mace a tsaye, kuma kusan kowace ta ɗaga waya tana ɗauka.

Baba Sharif ya zare makullin motar ya jefa a aljihun rigarsa.

"Shef," ya ce wa Ajidan, "ni na gama. An ce min siminti ne. Ba zan tuƙa ba sai an sauke. Ka kai ni duk inda za ka kai ni."

Ajidan ya mayar da bel ɗinsa a hankali. Ya ciro waya, ya danna, ya yi magana da Faransanci, gajeru uku ko huɗu. Sannan ya miƙa wa Hanan.

"Karɓi. Sarjan ɗinki."

Ta share jinin da bayan hannu ta kara wayar a kunnen da ke ji.

"Hanan! Me kika yi? Me kika yi min?"

"Baban Ikram, mutumin nan ya dake ni. A titi. Da bel."

Ta matse wayar a kunne. Tana jin ƙarar babura a bayansa, can Kuseri.

"Sannu," ya ce. "Sannu. Amma ki saurare ni. Ki ba shi haƙuri, ki hau mota."

"In ba shi haƙuri? Fetur ya ɗora 'yarka a kai! Ya sace mana kilo ɗari huɗu!"

"Bai sace ba." Muryar ta yi ƙasa. "Ni na ba shi."

Hanan ta dafa ƙarfen motar. Yana da zafi kamar an ciro shi daga wuta, amma ba ta janye hannu ba.

"Haka ake yi, Hanan, kowa haka yake yi. In ba ka bar musu rabin nauyinka ba, takardarka ta kwanta a ƙasan tebur. Akwai wanda iyalinsa suka yi shekara suna jiran mota. Wata uku ina kwana ni kaɗai a ɗaki kamar gwauro. Na ce gara ku zo da rabi, sauran a hankali mu saya. Ban san fetur ba ne, wallahi ban sani ba."

"Ka tambaya?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Wane rabin ka zaɓa min, Baban Ikram? Kekena ko gadon 'yarka? Don in san wanda zan bari."

"Ba ki san mutanen nan ba. Za su tura ni bakin tafki, fagen daga. Kin san yadda ake dawowa daga can."

Ta sani. Ta je gaisuwa gida biyu a bara, ta ga akwatunan da ba a yarda a buɗe ba. Ta dubi Ikram, wadda ta cusa fuska a zanen Arlette, ta dubi mutumin da ke kwance a yashi ana yayyafa masa ruwa.

"Sai mun iso," ta ce, ta kashe.

Ta miƙa wa Ajidan wayarsa.

"Kin ji da kunnenki," ya ce. "Yanzu fa?"

"Na ji. Ya ba ka abin da ba nasa ba ne shi kaɗai. Sunana na kan takardar, sunan 'yata na kai. Mu ba mu bayar ba."

"Zai biya wannan."

"Wataƙila. Kai ma hotonka ya riga mu isa Marwa."

Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya kalli wayoyin da ba a sauke ba har yanzu. Ya tofar da yawu, ya sake kiran wata lamba. Cikin rabin sa'a wata ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya ta zo, sojojin biyu suka yi ta sauke jarkoki suna gumi, ba mai kallon idon kowa. Sawu uku ta yi.

Hanan ba ta zauna ba. Ta sa aka wanke bayan kamiyon da omo da yashi, ta tsaya a kan kowane kwali har ya hau. Keke ya hau, gadon Ikram ya hau, littattafai suka hau. Ta ce a ɗora kwabar ma, da ƙofarta a ɗaure da igiya.

"Ta mutu fa, 'yata," in ji Baba Sharif.

"Gwamnati ta biya kuɗin ɗaukarta, Baba. A ɗauke ta."

Sai ta juya ga Arlette. "Ina gadon naki? A je a ɗauko."

"Na riga na bayar."

"Ki karɓo. A ƙasa za ki haihu?"

Maƙwabciyar da kanta ta fito da shi, ita da 'ya'yanta mata biyu, suna dariya suna cewa dama ya yi musu tsawo.

Azahar ta gota kafin a ɗaure tamfol. Ajidan ya kawo takardar shaidar lodi, ya ɗora a kan murfin injin. An riga an buga kilo ɗari takwas a wurin nauyi, tun kafin a auna ko cokali. Hanan ta karɓi biro, ta ja layi a kai, ta rubuta ɗari bakwai da arba'in da kyakkyawan rubutunta na lise, ta sa hannu.

Baba Sharif ya ce matan su shiga gaba, ba mai hawa kan kaya a motarsa yau. Da suka zauna, Ikram a tsakiya, Arlette ta buɗe ƙullinta ta zaro wani sabon ɗankwali da kwalbar ruwa.

"Ungo, 'yar'uwa. Ki wanke fuska, ki canza mayafin nan. Duk jini ne. Kar mijinki ya gan ki haka."

Hanan ta karɓi ruwan ta ba Ikram ta sha. Ɗankwalin kuwa ta ninke shi, ta mayar a cinyar Arlette.

"Ajiye abinki," ta ce. "Haka zan isa."

Ta gyara zaman mayafin a kafaɗa, ɓangaren da ya bushe ya yi tauri yana gaba. Motar ta yi tari sau biyu, ta kama hanyar arewa.